Martani Kan Lissafin Kilo Goma: Ainihin Tasirin Nauyin Ƙafar Mota

Ƙafar mota, wato rim haɗe da tayar da ke kansa, ta sha bamban da sauran sassan mota ta fuska biyu. Tana tafiya gaba tare da motar, tana kuma juyawa a lokaci guda. Sannan tana ƙarƙashin sifirin, don haka ita ke fara karɓar dukan kowane rami da kowace gargada kafin ya isa bodi. Waɗannan dalilai biyu ne suka sa kilo ɗaya a ƙafa ya fi kilo ɗaya a but ko a kujerar baya tasiri, kuma masu ƙera mota sun san da haka tun shekaru ɗari da suka wuce. Inda ake samun saɓani shi ne yawan tasirin, da kuma wurin da yake bayyana.

Wani marubuci mai sharhi kan motoci ya ɗauki wannan gaskiya ya ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce kowane kilo ɗaya da aka rage a ƙafa daidai yake da kilo 10 da aka sauke daga jikin mota. Daga nan ya ce rim na alminiyum a kullum ya fi na ƙarfe rashin nauyi, saboda haka mai ƙaramar mota ya cire nasa na ƙarfe mai inci 15, ya sa na alminiyum mai inci 17 ko 18 da taya mai gajeren gefe. Ya kuma yi alkawarin cewa motar za ta fi saurin tashi, ta rage shan mai, ta fi kama birki. Shawara ce mai tsada ga wanda ya bi ta, kuma a kan irin hanyoyin da yawancin masu karatunsa ke bi tana iya jawo abin da ya fi asarar kuɗi. Shi ya sa ta cancanci a bi ta daki-daki.

Lissafin kilo 10 shi ne ginshiƙin maganar, kuma ana iya gwada shi ba tare da an taɓa sifana ba. Idan mota tana gudun kilomita 100 a awa, tsakiyar ƙafar, inda notuna suke, tana tafiya gaba da gudun 100. Fuskar tayar da ke taka kwalta kuwa, bayan wannan tafiya, tana zagaye tsakiyar da gudun 100 ɗin cif, muddin tayar ba zamewa take yi ba. Ke nan robar da ke wannan fuska inji na yi mata aiki sau biyu, ya tura ta gaba, ya kuma juya ta. Kilo ɗaya a wurin yana cin ƙarfin da kilo 2 zai ci a cikin bodi. Iyakar abin ke nan, domin babu wani ɓangare na ƙafa da ya fi fuskar taya nisa daga tsakiya, babu kuma wanda ya fi ta saurin zagayawa. Ko da za a ƙera ƙafar da duk nauyinta ya tattaru a gefe kamar zobe, ninkin ba zai haura 2 ba.

Da zarar an matso ciki kuma, ninkin faɗuwa yake yi da sauri, domin wajen auna ƙarfin da gudu ke ci, gudun ake ninkawa da kansa. Abin da ke rabin tazara tsakanin tsakiya da gefe yana zagayawa da rabin gudu, amma ƙarin aikin da yake jawo wa inji rubu'i ne kawai, wato ninkinsa 1.25. Taya mai lamba 195/65 R15, wadda aka saba gani a Corolla da Golf, tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 634 ne, wato 317 daga tsakiya zuwa gefe. Bakin rim mai inci 15 yana da nisan milimita 190 daga tsakiya, kashi 60 cikin 100 na wannan tazara. Idan aka ninka 0.6 da kansa ana samun 0.36. Ke nan ƙarfen da ke bakin rim ninkinsa 1.36 ne, wanda ke can ciki wajen notuna kuwa da kyar ya wuce 1. Rim gaba ɗayansa yana wajen 1.3, taya tana wajen 1.8, in an haɗa su biyun ana samun kimanin 1.5 zuwa 1.6. A nan ma akwai abin da ya kuɓuce wa marubucin: kilo ɗaya da aka rage a taya ya fi wanda aka rage a rim amfani, shi kuwa duk bayaninsa a kan rim ya ƙare.

A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,300 har da direba, a rage kilo 2 a kowane rim. Jimla kilo 8 ke nan. A lissafin marubucin kamar an sauke kilo 80 ne, wato babban mutum guda ya fita daga motar. A lissafin gaskiya, kilo 8 sau 1.3 bai kai kilo 11 ba. Litar fetur ɗaya tana da nauyin kusan kilo 0.75, don haka ribar da aka samu wajen tashin mota daidai take da a fito da tanki da ya rage lita 14. Babu direban da ya taɓa gane daga totur cewa tankinsa ya ragu da lita 14. Ko da an yi wa marubucin alfarma an ba shi iyakar ninkin, wato 2, kilo 16 ne a cikin 1,300, ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100.

Akwai wurin da manyan ninki irin wanda ya ambata suke tabbata, amma a cikin inji ne, nesa da taya. A bayan inji akwai faifan ƙarfe mai nauyi wanda kuloci ke kamawa. A giya ta farko ta ƙaramar mota, wannan faifai yana juyawa kimanin sau 14 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, kuma 14 sau 14 ya ba da 196. Saboda haka faifai mai kilo 8 yana iya yi wa mota nauyin da ya kai na kilo 200 a lokacin tashi, sannan a giyar ƙarshe, inda juyi 3 da ɗoriya kawai yake yi, tasirinsa ya sauko zuwa wajen kilo 10. Shi ya sa masu tseren mota ke rage wa wannan faifai nauyi su ji bambanci nan take. Ƙafa kuwa babu giya tsakaninta da hanya, da gudun mota take juyawa ba ƙari. Ɗauko ninkin da ya shafi faifan inji a jingina wa taya shi ne kuskuren da sauran bayanin ya zauna a kai.

Ba a takarda kaɗai aka tabbatar da wannan ba. A 2010 mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta gwada ta da rim daga inci 15 har zuwa 19, tana canza taya yadda tsayin ƙafar zai tsaya kusan yadda yake. Ƙafa mai inci 15 ta auna kusan kilo 18, mai inci 19 ta haura kilo 24. Ƙarin ya kai kimanin kilo 25 a ƙafafu huɗu. Da lissafin kilo 10 gaskiya ne, da tamkar an ɗora wa motar kilo 250, kuma a motar da nauyinta bai wuce kilo 1,400 ba hakan zai ƙara fiye da sakan guda a lokacin da take ɗauka daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa. Abin da agogo ya nuna shi ne daga sakan 7.6 zuwa 7.9. Wannan ƙarin ya dace da ninkin da bai wuce 2 ba, kuma ko shi ba duka nauyi ne ya jawo shi ba, tunda manyan tayoyin sun fi faɗi. Gwajin ya nuna wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai saye: da rim ya ƙara girma ƙafar ƙara nauyi ta yi, shan mai kuma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Daidai kishiyar alkawarin da marubucin ya yi.

Batun shan mai na buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne talaka zai fi ruɗuwa. Nauyin juyawa yana aiki ne kawai a lokacin da gudu ke canzawa. Motar da ta kama hanyar Kano zuwa Zariya ta daidaita a gudu ɗaya ba ta ƙara biyan komai saboda juyawar ƙafafunta, an riga an biya wannan tun lokacin da take ɗaukar wuta. Abin da take yaƙi da shi daga nan shi ne iska da kuma turjiyar taya. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, nauyi na da ta cewa, amma ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota yana rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Wanda ya rage kashi 1 kuwa ribarsa ba ta kai kashi 1 ba, abin da ba zai taɓa gani a gidan mai ba.

Turjiyar taya ita ce babbar magana. Duk juyi ɗaya, ɓangaren tayar da ya taka ƙasa yana lotsawa sannan ya dawo, kuma roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka sa wajen lotsa ta, wani kaso yana zama zafi. Shi ya sa taya ke ɗumi bayan tafiya. Yawan wannan asara ya dogara da irin haɗin robar, da ginin tayar, da faɗinta, da iskar da ke cikinta. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, ya kuma fito da taya mai haɗin silika a 1992, kuma kowanne daga cikin matakan nan ya rage turjiya ba tare da ya dogara da rage nauyi ba. Wani rahoto da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna cewa rage turjiyar taya da kashi 10 cikin 100 yana rage shan mai da kashi 1 zuwa 2. Tun daga Nuwamba 2012 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a nuna matakin turjiyar kowace sabuwar tayar mota ga mai saye. Taya mai faɗi kuma tana ƙara tare iska, haka ma rim mai manyan tagogi yana hargitsa iskar da ke wucewa ta gefen mota, dalilin da ya sa masu ƙera motocin lantarki ke rufe fuskar rim ɗinsu. Mutumin da ke yawo da tayoyi marasa isasshiyar iska yana asarar man da ya fi wanda sabon rim zai cece masa, gyaransa kuwa tsayawa ce ta minti biyar a wurin mai faci.

Magana ta biyu, cewa alminiyum a kullum ya fi ƙarfe rashin nauyi, rabin gaskiya ce. Idan aka auna dunƙule biyu masu girma ɗaya, na alminiyum sulusin na ƙarfe ne, 2.7 a kan 7.85. Sai dai taurinsa wajen ƙin lanƙwasa shi ma kusan sulusi ne, don haka dole a ƙara masa kauri sosai kafin ya ɗauki abin da siririn farantin ƙarfe ke ɗauka. Rim ɗin alminiyum kuma iri-iri ne. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyum a zuba a mazubi, shi ne mafi arha kuma shi ya cika kasuwa. Akwai wanda ake zuba fuskarsa sannan a murza gangarsa da inji har ta yi siriri. Akwai kuma na ƙira, wanda ake matse dunƙulen alminiyum da babban inji, irin wanda kamfanin Fuchs ya yi wa Porsche 911 tun 1966. Na ƙira ne yake da rashin nauyi na gaske tare da ƙarfi, tsadarsa kuma ta ninka ta na zubi sau da yawa. Na zubi an fi yin sa don ado, kuma sau da yawa nauyinsa ya yi kusa da na ƙarfe mai girmansa, wani lokacin har ya fi shi. Sikeli ne kaɗai zai raba gardama, ƙyallin fuska ba ya nuna nauyi.

Ƙara girman rim kuma yana mayar da hannun agogo baya ta hanya biyu. Gefen taya roba ce da zare da iska a bayansu, idan aka gajarta shi aka cike gurbin da rim, an sa ƙarfe a inda iska take. Sannan an matsar da bakin rim, wanda shi ne mafi nauyi, zuwa nesa da tsakiya inda ninkinsa ya fi yawa. Gasar Formula 1 ta gwada haka a gaban duniya. A 2022 ta bar rim mai inci 13 ta koma mai inci 18, ƙafafun suka ƙara nauyi duk da cewa da maganiziyam ake yin su, kuma mafi ƙarancin nauyin da doka ta yanke wa motar ya tashi daga kilo 752 zuwa 798, wani kaso saboda ƙafafun, wani saboda ƙarin kariya ga direba. Idan masu kuɗi da ƙwarewa irin tasu ba su iya ƙara girman rim ba tare da ƙara nauyi ba, mai sayen rim ɗin zubi na hannu ba zai iya ba. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Wurin da nauyin ƙafa ke da tasiri na haƙiƙa shi ne wanda marubucin ya wuce da jimla ɗaya, wato zamanta a ƙarƙashin sifirin. Mota kashi biyu ce. Akwai abin da sifirin ke ɗauke da shi: bodi, inji, fasinja, kaya. Akwai kuma abin da ke ƙasa da shi: taya, rim, faifan birki da abin da ke matse shi, boris da gidansa, da wani kaso na hannuwan da ke riƙe da ƙafar. Idan ƙafa ta haɗu da tudu sai a cilla ta sama, kuma aikin sifirin ne ya danno ta ta koma ƙasa da wuri, yana jingine da nauyin bodi. Ƙafa mara nauyi a ƙarƙashin bodi mai nauyi tana komawa nan da nan, tana bin hawa da saukar hanya. Ƙafa mai nauyi tana daɗewa a sama, tana kuma jijjiga bodin. A duk lokacin da taya ta saki ƙasa ko ta rage danna ta, birki da sitiyari sun rage iko a wannan kusurwa. Duk direban a-kori-kura ya san wannan a aikace ko da bai san sunansa ba: idan babu kaya, bayan motar tsalle yake yi a kan burji, domin aksul ɗin baya ƙarfe ne guda mai nauyi kuma babu abin da ke danne shi. Da an ɗora buhuna sai ta natsu.

A ƙaramar mota, abin da ke ƙasan sifirin a kowace kusurwa yana wajen kilo 35 zuwa 45, abin da ke samansa kuwa wajen kilo 300. Bodi yana lilo a kan sifirin sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sakan. Ƙafa kuma tana da nata tsallen a kan iskar taya, sau 10 zuwa 15 a sakan. Idan bugun hanya ya zo daidai da wannan adadi, tsallen sai ya tsananta. A kan burji mai gargada inda tsakanin tudu da tudu santimita 70 ne, gudun kilomita 30 a awa yana bugun ƙafa sau 12 a sakan, wato a tsakiyar wannan zango, shi ya sa mota ke karkarwa kamar za ta wargaje a irin wannan gudu ta kuma lafa idan an canza shi. Abin da aka ɗora wa kashe wannan tsalle shi ne shakazoba. Rage kilo 2 daga cikin 40 ragi ne na kashi 5 cikin 100, kuma ƙwararren direba zai iya jin sa a kan hanya mai gargada. Riba ce ta gaske, ta fi wadda ake samu wajen tashi. Amma shakazoba da ta mutu tana ɓata fiye da abin da kowane rim zai gyara, kuma motoci da yawa da ake sa wa rim mai ƙyalli da ita suke yawo.

Tarihin ƙirar mota ya nuna cewa wannan fuska ce injiniyoyi suka fi damuwa da ita. Bugatti Type 35 ta 1924 ta zo da ƙafafun alminiyum na zubi waɗanda aka haɗe da gangar birki. Citroën DS ta 1955 ta ɗauke faifan birkin gaba daga ƙafa ta mayar da shi ciki kusa da giyabos, Jaguar E-Type ta 1961 ita ma ta mayar da na baya ciki. Faifan birki ƙarami ne a faɗi, ninkin juyawarsa kaɗan ne, don haka ba saurin tashi ake nema da matsar da shi ba, so ake a sauƙaƙa wa sifirin aiki. A 2015 kamfanin Ford ya sa wa Shelby GT350R ƙafafun zaren kabon da wani kamfanin Ostireliya mai suna Carbon Revolution ya ƙera, kowane rim wajen kilo 8 a maimakon wajen 15 na alminiyum mai girmansa. Ragin kilo 7 a kowace kusurwa babban abu ne, amma mota ce da aka yi don filin tsere, kuma an daidaita sifirin da shakazobarta da waɗannan ƙafafu tun daga masana'anta.

Akwai kuma abin da lissafin nauyi bai ƙunsa ba ko kaɗan, wato gefen taya. Shi ne sifirin na farko a mota. A 195/65 R15 tsayin gefen milimita 127 ne. A 225/40 R18, wadda tsayinta gaba ɗaya ya yi kusa da na waccan, milimita 90 ne. Idan ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki, wannan tazara ce ke tsakanin rim da bakin kwalta. In ta ƙare, gefen tayar ya matse tsakanin ƙarfe da dutse, zaren ciki ya tsinke, ƙullutu ya fito, kuma taya mai ƙullutu tana iya fashewa a kan gudu ba tare da sanarwa ba. Rim ɗin ƙarfe idan ya sha duka lanƙwasa yake yi, sau da yawa a buge shi ya koma a ci gaba da tafiya. Na alminiyum na zubi tsagewa yake yi, walda kuma tana raunana wurin da ta taɓa saboda zafinta yana ɓata gashin da aka yi wa ƙarfen a masana'anta. Masu gasar tseren daji ta duniya, waɗanda kowane giram ke damun su, suna sa rim mai inci 18 a kan kwalta amma da an koma tsakuwa da burji sai su koma mai inci 15 da taya mai dogon gefe. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, da rim ɗin ƙarfe mai inci 14 da doguwar tafiyar sifirin ta yi suna a hanyoyin Afirka, kuma ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Ba da shawarar taya mai gajeren gefe ga mutanen da ke bin hanyoyin da damina ke fafakewa duk shekara, ba tare da an ambaci wannan haɗari ba, shi ne mafi munin giɓi a rubutun.

Maganar birki gajera ce. Tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya tana hannun riƙon da ke tsakanin roba da hanya, domin birkin kowace lafiyayyar mota yana da ƙarfin da zai kulle ƙafa. Ƙarfin da ke cikin juyawar ƙafafu huɗu bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na wanda ke cikin gudun motar baki ɗaya ba, don haka rage musu kilo 2 ba zai canza zafin da birki ke sha ba ta yadda za a lura. Idan aka ga mota ta fi tsayawa ko ta fi riƙe kwana bayan an sa mata babban rim, to sabuwar taya ce mai faɗi da laushin roba ta yi aikin, kuma ana samun irinta a ƙaramin rim. Dalili ɗaya na injiniya da ke wajabta babban rim shi ne a samar wa babban faifan birki wuri. Motar da faifanta ya shiga cikin inci 15 ba ta da wannan buƙata.

Masu manyan motoci kuma sukan ɗora wa nauyi laifin da ba nasa ba. Mai Hilux da ya cire 265/65 R17 ya sa 285/70 R17 zai ji motar ta yi kasala, ya ce nauyin tayar ne. Tayar ta ƙara nauyi kam, amma tsayinta ya tashi daga milimita 776 zuwa 831, ƙarin kashi 7 cikin 100. Hakan tamkar an ƙara wa kowace giya tsawo ne, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan wannan kaso a kowace giya, birki ma haka, maleji kuma yana nuna 100 alhali motar na gudun 107. Wannan ya fi tasirin ƙarin nauyin nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai halin da sauya rim ke da ma'ana. Idan an samu wanda girmansa ɗaya da na asali, sikeli ya tabbatar ya fi shi rashin nauyi, kuma an buga masa nauyin da zai iya ɗauka ko alamar gwaji irin JWL ta Japan, to ƙafar za ta fi bin hanya ba tare da an taɓa gefen taya ba. Sharaɗin shi ne ya dace da motar. Tazarar ramukan notuna dole ta zama ɗaya, domin 5×112 da 5×114.3 sun yi kusa har ana iya tilasta su, amma notunan za su zauna a karkace su riƙa kwancewa. Ramin tsakiya ya zauna daram a kan gidan boris. Lambar da ke biye da ET a bayan rim tana nuna yadda zai shige ciki ko ya turo waje, kuma wanda ya turo waje da yawa yana ƙara wa boris wahala, yana kuma sa sitiyari fizga a kan rami. Ita ma tayar tana da lambar kaya a gefenta, 91 alal misali tana nufin kilo 615 ga kowace taya, kuma ba a sauka ƙasa da lambar da masana'anta ta rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, inda aka kuma rubuta girman tayar da yawan iskar da aka gwada motar da su.